Abin da Tukunyar Madara Za Ta Iya Zama: Yogot, Cuku, Man Shanu da Burodi a Kicin Ɗinki

Ranar da na fara gwada haɗa yogot, na tashi da sassafe cike da ɗoki, na kwance bargon da na naɗe tukunya da shi, na ɗaga murfi, na ɗan karkata ta. Sai ga madara ta gangaro tsululu, yadda na zuba ta jiya da dare. Na ɗora wa madarar laifi, na ɗora wa bargon, har yogot ɗin da na yi iri da shi bai tsira daga bakina ba. Sai daga baya na gane ni ce da aika-aikar: na zuba irin tun madara tana turiri, na dafe ƙwayoyin halittar da za su yi mini aikin tun ba su soma ba.

Tun daga nan na daina yarda da zancen wai aikin madara sai mai "hannu". Abu uku ne ke juya madara ta zama duk abin da za ta zama: zafi, tsami da lokaci. Idan kika san abin da kowannensu ke yi a cikin tukunya, ba sai kin haddace girke-girke goma ba, kuma ko abu ya ɓaci za ki san inda aka kuskure. Da lita 4 na madara da rabin lita na kirim, wato maiƙon da ke tasowa saman madara, a cikin kwana biyu za ki fitar da yogot, da mai kaurin da ake shafa wa burodi, da cuku, da man shanu, da burodin kansa. Ruwan da ya tsatso daga wannan aikin shi ne zai shiga na gaba. Zan riƙa cewa "ki", amma maigidan da ke son shiga kicin shi ma bismillah.

Kayan aiki, da madarar da za a zaɓa

Tukunya mai kaurin gindi, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki guji ta alminiyam mara shafe a wannan aikin, domin tsami yana cin jikinta, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a abinci. Sai rariya ko mataci, farin ƙyallen auduga mai laushi wanda ba a wanke shi da sabulu mai turare ba, kwalabe masu murfi, maburgi, ludayi, da kula ko fulas mai faɗin baki.

Na ƙarshe shi ne wanda nake roƙon ki kada ki tsallake: ma'aunin zafi na kicin. Ɗan tsinken nan ya fi injin haɗa yogot amfani nesa ba kusa ba. Kafin ki amince da shi, ki cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, ki ƙara ruwa kaɗan, ki tsoma shi na minti ɗaya. Ya kamata ya nuna digiri 0. In ya nuna 2, to kin san yana ƙara biyu, sai ki riƙa ragewa a lissafinki. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin Salsiyos ne.

Madara kuwa, mai cikakken maiƙo ta fi ba da sakamako. Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Sauran shi ne maiƙo wajen kashi 3 da rabi zuwa 4, furotin sama da kashi 3 kaɗan, da sukarin madara mai suna laktos kusan kashi 5. A cikin furotin ɗin, kusan kashi 80 wani iri ne da ake kira kesin, kuma shi ne jarumin wannan labari: muddin madara ba ta da tsami, ƙwayoyinsa suna yawo suna ture juna, da tsami ya kai wani mataki sai su rungume juna su daskare. Yogot da cuku duk wannan rungumar ce, bambancin kawai ɗaya a hankali take faruwa cikin dare, ɗaya kuma nan take.

Madarar gari tana yin yogot mai kyau ƙwarai. Ki dama wajen giram 130 a ruwa mililita 900, ki bar ta ta jiƙa na minti 20 kafin ta hau wuta. Madarar kwali mai daɗewa ba firij ita ma tana yin yogot, amma cukunta yakan fito a ruɓushe, don an riga an dafa ta a zafin da ya kai digiri 135. In kuwa ɗanya kika samu daga tatsa, dole ta dahu kafin kowa ya kai ta baki, saboda tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka. Masana'antu suna kashe su da digiri 72 na daƙiƙa 15, hanyar da ta samo suna daga Bafaranshen nan Louis Pasteur. Zafin da za mu kai madararmu ya wuce nan, don haka wannan matsalar ta kau.

Yogot: daren farko

Mu fara da lita 2. Ki ɗauraye tukunya da ruwan sanyi, ki zubar ba tare da kin goge ba, sannan ki zuba madara. Ɗan damshin nan yana rage kamun gindi. Ki ɗora a wuta matsakaiciya, kina juyawa kina kankaro ƙasa da ludayi. Kauri muke nema ba ƙauri ba, kuma tsakaninsu ɗan ƙugiyar harafi ne da minti biyu na sakaci. Madarar da ta kama ƙasa ba ta da magani, warin zai bi yogot ɗin har cokali na ƙarshe.

Ki kai ta digiri 85, sannan ki rage wuta ta tsaya a nan na minti 10 zuwa 20. Mutane da yawa suna zaton don kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ake wannan, shi ya sa masu madarar kwali ke tsallake shi. Akwai wani dalilin. Ragowar furotin da ba kesin ba yana warwarewa a wannan zafin, ya manne da kesin, su haɗu su saƙa raga mai ƙananan ƙofofi da ke riƙe ruwa. Yogot ɗin da madararsa ta sha wannan dahuwar yana tsayawa a cokali, wanda aka yi wa gaggawa kuwa yana zubar da ruwa tun ba a taɓa shi ba. In ba ki da ma'auni, alamar digiri 85 ita ce ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, turiri na tashi sosai, amma madarar ba ta taso ba. In kina son kauri na musamman, ki ƙara cokali 3 na madarar gari a kowace lita tun kafin a ɗora.

Yanzu sai hucewa, inda ni na faɗi. Ki sauke ki jira ta dawo digiri 43 zuwa 45. In kina sauri, ki zaunar da tukunyar cikin babbar roba mai ruwan sanyi, kina juyawa, minti 10 ya isa. Fatar da ta taru a sama ki yaye ta, in ba haka ba za ki riƙa cin karo da ita a baki. Gwajin yatsa ga mara ma'auni: ki wanke hannu tas, ki tsoma ɗan ƙaramin yatsa. In kika ƙirga goma a natse kina jin ɗumi mai ƙarfi amma ba ki fizge hannu ba, ta yi. In kin fizge a biyar, ki ƙara jira. Da ta yi zafi fiye da kima gara ta ɗan huce fiye da kima, don sanyi yana jinkirta ƙwayoyin ne kawai, zafi kuwa kashe su yake yi.

Irin da za ki zuba yogot ne mara sukari, mara ɗanɗanon 'ya'yan itace, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ƙwayoyinsa rayayyu ne. Akwai wanda ake sake dafawa bayan an haɗa don ya daɗe a kanti, wannan ko kin juye roba guda ba abin da zai yi. Halittu biyu ne ke aikin, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Ta biyun ta ci sunan ƙasar Balgeriya, domin wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, shi ya gano ta a 1905 yana karatu a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Suna cin laktos suna fitar da tsami, kuma kowacce tana samar wa 'yar'uwarta abin da take buƙata. Madara tana farawa a wajen 6.7 a ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, idan ta sauko 4.6 kesin ya daskare.

Cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci ya ishi lita guda. Na san zuciya za ta raya miki ki ƙara don ya fi kauri. Kada ki biye mata. Iri in ya yi yawa tsami yana zuwa da gaggawa, yogot ya fito da gudaji-gudaji yana iyo a ruwa. Ki ɗebi ludayi ɗaya na madarar mai ɗumi ki dama irin a kofi har ya yi sumul, sannan ki juye a tukunya, ki juya sau biyar ko shida a hankali.

Saura wurin kwana. Ana so ɗumin ya zauna tsakanin digiri 40 da 45 na awa 6 zuwa 10. Hanyar da ta fi yi mini ita ce in juye madarar a kwalaben da na ɗauraye da tafasasshen ruwa, in jera su a kula, in tsayar da kwalba biyu na ruwan zafi a tsakaninsu, in cusa tawul a sauran gurbin, in rufe. Fulas mai faɗin baki shi ma yana yi, in kika fara ɗumama cikinsa da ruwan zafi. Obin a kashe da fitilarsa a kunne ma haka, sai dai ki manna takarda a ƙofarsa kada wani ya zo ya kunna. In gari da zafi, naɗe tukunya da bargo ya wadatar.

Daga nan ki ƙyale shi. Kada ki buɗe, kada ki jijjiga, kada ki matsar da kular don za ki yi shara. Ragar nan tana saƙuwa ne a hankali, in ta tsinke a tsakiyar aiki ba ta komawa. Bayan awa 6 ki karkata kwalba ɗaya. In ya janye daga gefe a dunƙule, ya yi. Mai son tsami ya ƙara awa biyu ko uku. Sannan, ko da yawu ya tsinke, ki sa a firij na aƙalla awa 4 kafin cokali ya shiga, domin a cikin sanyi yake ƙarasa kama jikinsa. Abu na farko da za ki yi bayan nan shi ne ki ware cokali huɗu a ƙaramar kwalba mai tsabta, irin gaba ke nan. Zai yi mako a firij. In ba za ki sake haɗawa nan kusa ba, ki zuba shi a farantin ƙanƙara ki sa a firiza, kowane gurbi ɗaya ya ishi lita guda. Bayan zagaye huɗu ko biyar irin kanti yakan raunana, sai a sabunta.

In kin buɗe kin tarar da ruwa, kada ki zubar tukuna. Ki shinshina. In ba wari, ki sake ɗumama shi zuwa digiri 43, ki zuba sabon iri, ki mayar. In ɗanyar madara ce kuma ta ƙi har sau biyu, mai yiwuwa ana ba dabbar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ragowarsa a madara yana kashe irin. In ya fito yana yauƙi, yawanci ɗumin ne ya yi ƙasa. Ɗan ruwa mai launin ɗorawa a sama ba komai ba ne, ki juya shi ciki ko ki tsiyaye. Amma in kika ga ja-ja, kore ko baƙi, ko wari ya bugi hancinki, duka za a zubar, ba a kwashe sama a ci ƙasa. Mai kyau yana yin mako ɗaya zuwa biyu a firij.

Da safe: a tace rabi

Ki shimfiɗa ƙyalle a rariya, ki ɗora a kan kwano mai zurfi, ki juye rabin yogot ɗin, ki sa duka a firij. Bayan awa 2 zuwa 4 kin sami mai kaurin nan da ake dangantawa da Girka. In kika barbaɗa rabin ƙaramin cokali na gishiri tun farko, kika ƙulle bakin ƙyallen kika bar shi awa 12 zuwa 24, zai zama abin da ake kira labna a Labanon da maƙwabtanta, mai kaurin da wuƙa ke shafa shi. Ki zuba a faranti, ki yi masa rami da bayan cokali, ki tsiyaya man zaitun da ɗan na'ana'a.

Wasu suna mulmula shi ƙanana su nutsar a kwalbar mai. Yana da kyau a ido, amma a firij zai zauna, musamman in an sa ɗanyar tafarnuwa. Tafarnuwa a cikin mai a zafin ɗaki wuri ne da wata ƙwayar cuta mai guba mai shanye jiki ke so, don ba iska, kuma ba ta sanar da kanta da wari. Ki yi kaɗan, a cinye cikin kwana 4.

Ruwan da ya tsatso a kwano kuma ki adana. Za mu dawo kansa har sau biyu.

Cuku cikin awa ɗaya da rabi

Ga mai gajen haƙuri, wannan ne aikinta. Ki ɗora sauran lita 2 ɗin har digiri 90, dab da tafasa, ki kashe wuta. Ki matse lemon tsami cokali 4 zuwa 5, ko farin khal cokali 3 zuwa 4. Kafin ki yanka lemon ki murza shi a kan tebur da tafin hannu, ruwansa zai fi fita. Ki riƙa zubawa cokali-cokali kina juyawa sau ɗaya a hankali, kina kallo.

Abin kallo ne kuwa. Da farko kamar ba abin da ya faru. A cokali na uku sai ki ga farar madara ta fara yayyagewa kamar gajimare, gudaji suna tasowa, ruwa mai launin ɗorawa da ɗan kore-kore yana bayyana a tsakaninsu. Launin na bitamin B2 ne, ba lalacewa ba ce. Da zarar ruwan ya washe, ya daina kama da madara, ki tsaya. Duk ɗigon da kika ƙara bayan nan tauri zai sa wa cukun, ya riƙa ƙara a haƙori kamar roba. Ki rufe tukunya na minti 10.

Ga dabarar da na fi so: maimakon lemo, ki tsinka madarar da ruwan yogot ɗin da kika tara da safe. Tsaminsa ya fi sanyi, don haka za ki buƙaci kofi ɗaya ko fiye a kowace lita, amma cukun yana fitowa da laushi kuma ba ɗanɗanon lemo ko khal a jikinsa.

Ki kwashe gudajin da ludayi zuwa ƙyalle, ki ɗan watsa musu ruwan sanyi don a wanke tsami a kuma tsayar da dahuwa. A nan hanya ta rabu biyu. In kika bar shi ya ɗiga minti 15 kawai, kika sa gishiri, kin sami cuku mai taushi na shafawa ko cusa wa taliya. In kuma mai yankuwa kike so, irin wanda Indiyawa ke kira fanir, ki naɗe ƙyallen ya yi lebur, ki sa tsakanin faranti biyu, ki ɗora tukunya mai ruwa lita 2 a kai na minti 45 zuwa awa ɗaya. Ki kwance ki tsoma shi a ruwan sanyi na minti 20 don ya yanku ba tare da ya farfashe ba. Lita 2 tana ba da wajen giram 300 zuwa 350.

Wannan cukun ba ya narkewa a wuta, saboda zafi da tsami sun riga sun ƙulle furotin ɗinsa. Kada ki sa ran zai ja zare a kan fiza. Amfaninsa shi ne yana soyuwa ya yi ja, yana shiga miya ya tsaya da ƙafarsa. In kin soya, ki jefa shi a ruwan ɗumi mai gishiri na minti 5, zai dawo da laushi. Kwana 3 zuwa 4 yake yi a firij.

Man shanu a kwalba

Ki duba jikin kwalin kirim da kyau. Na madara ake so, mai maiƙo kashi 35 ko sama. Akwai wanda ake yi da man tsirrai don ado a kan kek, wannan ko kwana kika yi kina kaɗawa kumfa kawai zai yi. Ki fito da shi daga firij ya ɗan saki, wajen digiri 12 zuwa 15. In ya yi sanyi ƙarara zai ɗauki lokaci, in ya yi ɗumi man zai fito a narke ya ƙi rabuwa da ruwa.

Ki zuba a kwalba kada ya wuce rabi, ki ɗaure murfi tam, ki fara girgizawa. In akwai yara a gida, ga aikin da za su yi rububinsa. Kunne ne zai gaya miki inda aka kai. Da farko za ki ji cakal-cakal. Bayan 'yan mintuna sai shiru, kwalbar ta yi fari fat, ki ji kamar ba abin da ke motsi. A nan mutane ke sarewa, alhali an kusa. Ki ci gaba da ƙarfi, kwatsam sai ki ji tim, dunƙule ya bugi murfi, ruwa yana fantsama a gefensa. Maiƙon da ke cikin kirim ƙananan ƙwallaye ne kowanne da 'yar fatarsa, girgiza ce ke fasa fatar su manne da juna. Minti 10 zuwa 15 ne da hannu. Da injin kaɗa kek bai kai haka ba, amma ki yafa tawul a kan kwanon, don lokacin rabuwar yana feshi har bango.

Ki tsiyaye ruwan a kofi ki ajiye. Sai wanki, matakin da ke raba man da zai yi mako biyu da wanda zai yi ɗoyi cikin kwana uku. Ki zuba ruwan ƙanƙara a kan dunƙulen, ki danna shi da bayan cokali kina ninkewa, ki zubar da ruwan da ya yi fari, ki sake. Sau uku ko huɗu, har ruwan ya fito garau. Ki matse sauran, ki sa gishiri kwatan ƙaramin cokali a kowane giram 100. Rabin lita na kirim yana ba da kusan giram 200. In kina son mai ƙamshi da ɗan tsami, ki dama cokali 2 na yogot ɗinki a kirim ɗin tun dare, ki rufe ki bar shi a wuri mai ɗumi, da safe ki sanyaya sannan ki kaɗa.

Man shanu kusan kashi 80 ne maiƙo, sauran ruwa ne da ɗan furotin, kuma su ne ke sa shi saurin ƙonewa a kasko da saurin lalacewa. Don ki rabu da su, ki narkar da wanda ba gishiri a wuta ƙasa-ƙasa. Zai yi kumfa, ya yi ta ƙara tas-tas, ruwa ne ke fita. Idan ƙarar ta lafa, man ya yi garau, gudajin ƙasa sun yi launin zuma, ki sauke nan take, don daga zuma zuwa gawayi bai fi minti ɗaya ba. Ki tace a busasshiyar kwalba. Ɗanye yana fara hayaƙi tun wajen digiri 175, soyayyen yana jurewa har kusan 250, kuma yana yin watanni muddin jiƙaƙƙen cokali bai shiga ba. Gudajin da suka rage a mataci ki juya su cikin shinkafa mai zafi, ni dai ban taɓa barin su sun kai ga kowa ba.

Inda ruwan zai tafi

Yanzu kina da ruwa iri uku: na yogot, na cuku, da na man shanu. Mai tsami a cikinsu yana tayar da burodi ba tare da yis ba, irin burodin da aka san mutanen Ayalan da shi. Bekin soda in ta haɗu da tsami tana fitar da iskar da ke kumbura ƙulli, kuma nan take take yi, don haka ki kunna obin ya kai digiri 200 tun kafin ki jiƙa fulawa.

Ki tankaɗe fulawa giram 450 da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda da ɗaya na gishiri. Ki auna cokalin a shafe, sodar in ta yi yawa burodi yana ɗanɗanon sabulu. Ki haɗa ruwan yogot mililita 300 da cokali 3 na yogot ɗin kansa, ki zuba a tsakiya, ki haɗe da yatsu. In ruwan man shanu za ki yi amfani da shi kuma kirim ɗin ba a tsamama shi ba, ki ƙara masa cokali ɗaya na lemon tsami. Ba a murza wannan ƙullin. Da ya haɗu, ko da yana ɗan manne wa hannu, ki dunƙule, ki ɗan danne, ki tsaga samansa gida huɗu da wuƙa don zafi ya ratsa tsakiya. Minti 35 zuwa 40. Ki juya shi ki ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙara kamar ganga ya gasu.

Mara obin ta haɗa fulawa giram 250, yogot giram 200, ƙaramin cokali 2 na bekin foda da rabin na gishiri. Ta bar ƙullin ya huta minti 20, ta raba shida, ta murza fale-fale, ta gasa a busasshen kasko mai zafi, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, ta shafa man shanu tun da zafinsa.

Sauran ruwan yana shiga miya a madadin wani kaso na ruwa, ko a jiƙa kaza da shi a firij ta kwana, tsaminsa mai sanyi ne, yana tausasa nama ba tare da ya ruɓar da shi ba. Wuri ɗaya ne zan hana ki: kada ki dafa busasshen wake da shi, tsami yana hana wake nuna, sai ki ƙarar da gas yana nan da taurinsa. In kuma yogot za ki zuba a miya mai zafi, ki dama masa ƙaramin cokali na garin sitaci a kowane kofi, ki ɗumama shi da ludayi ɗaya na romon, ki rage wuta sannan ki juye, in ba haka ba zai tsinke ya yi tsaki-tsaki.

Sai wanke-wanke. Ƙyallen tata da tukunyar madara da ruwan sanyi ake fara ɗauraye su, domin ruwan zafi yana dafa furotin ya manne a zare, daga nan ƙarni ya zauna daram. Bayan sanyin sai sabulu mara turare, sannan ki tafasa ƙyallen na minti 5 ki shanya. In gindin tukunya ya kama duk da ƙoƙarinki, kada ki hau shi da soson ƙarfe. Ki zuba ruwa ya rufe wurin, ki sa cokali 2 na bekin soda, ki bar shi ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta na minti 10, ki sauke ya huce. Da cokalin katako zai ɓamɓaro.